Harbin Farko na Ɗalhatu Maƙeri

Ina bakin ƙofar benen da nake gadi a unguwar Al Muntazah a Doha, bayan la'asar, na riƙe wa mai kawo ruwan sha ƙofa, sai wayata ta yi ƙara. Lambar ba ta Qatar ba ce, ba kuma ta Najeriya ba. Da na ɗauka sai na ji muryar Masahudu, mutumin Kumasi, kukun gidan da abokina Ɗalhatu yake tuƙi.

"Ɗan'uwa Ghali, kana tsaye ko kana zaune?"

Na ce ina tsaye, a bakin aiki nake.

"Ɗalhatu ya rasu. Ɗazu muka dawo daga binne shi."

Na ce masa wane Ɗalhatu. Ɗalhatu ɗaya na sani a Doha, shi ma ɗaya ya sani, amma abin da ya fito daga bakina ke nan. Sannan na tambaye shi ko bindigar maigidansu ce. Ya ce a'a, zazzaɓi ne. Na ce wane irin zazzaɓi. Ya ce na cizon sauro. Daga nan layin ya katse. Mai ruwa ya daɗe da shigewa da kayansa, ni kuwa ina nan riƙe da ƙofa, sanyin na'ura yana ta fita waje, har wata mata da ke zaune a benen ta zo ta tambaye ni ko lafiya.

A watan Agusta ne, shekarar 2007. Har yau in mutanenmu suka tambaye ni abin da ya yi ajalinsa nakan ce zazzaɓi. Sai su ce, to me ya kai direban Doha dajin Tanzaniya a watan da aka riga aka yankar masa tikitin Kano? A nan nake daburcewa. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani game da shi, ko ni ma zan gane.

Ɗalhatu mutumin Ningi ne, ɗan gidan maƙera. Mahaifinsa bindigar toka yake ƙera wa maharba, kakansa ma haka. Shi kansa ya taso yana zuga wuta yana goge ƙarfe, amma hannunsa ya fi faɗawa wajen itace. Tun yana saurayi aka bar masa sassaƙar ƙota, wato katakon da ake jinginawa a kafaɗa. Da sana'ar ta ja baya sai ya koyi mota, ya yi shekaru yana jigila tsakanin Ningi da Kano, daga can wani ya yi masa hanya ya zo Doha a 2003. Ya bar matarsa Ikilima da ciki. Yarinyar da ta haifa, Fausatu, a hoto kawai ya san ta.

A wani masallaci a Mu'aither muka haɗu ranar Juma'a. Na ji mutum a bayana yana neman takalminsa yana mita da Hausa, na juya na ce masa ga su can an ture su ƙarƙashin na wani. Ya dube ni, ya dubi rigar gadin da ke jikina mai igiya a kafaɗa, ya ce, "Na gode, Kofur." Daga ranar bai ƙara kiran sunana na gaskiya ba. Ni ma da na ji asalinsa sai na koma ce masa Maƙeri.

Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ba ya son hayaniya. In yana sauraronka hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, sai ya sami gefen tebur ko hannun kujera yana shafawa, kamar yana neman inda kafinta ya yi ha'inci. Idan ya samu kuwa sai ya katse maka magana ya kama yatsanka ya ɗora a wurin. Ba ya cin abinci shi kaɗai. Sau da yawa ya tuƙo mota daga Al Rayyan har Al Muntazah don kawai an ba shi shinkafa da naman rago a gidan maigidansa, ya ce ba za ta wuce masa ba sai da ni.

Kafil ɗinsa, wato maigidan da ya tsaya masa a takardun zama a ƙasar, wani dattijo ne da ake ce wa Abu Jabir, mai sha'awar farauta. Yana da wata gona a bayan Al Rayyan, irin wadda suke kira izba, inda yake ajiye raƙuma da shahunan farauta. Wata rana ma'aikata suna share majalisin gonar, wato ɗakin karɓar baƙi, suka kayar da wata tsohuwar bindigar ado daga bango, ƙotarta ta tsage. Kowa ya tsorata. Ɗalhatu ya ɗauke ta ya shiga ɗakin ajiya, ya haɗa tsagin ya ɗaure ya goge. Da dattijon ya zo aka faɗa masa gaskiya, ya juya bindigar ya daɗe bai ga wurin ba. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi Ɗalhatu inda ya koya, sannan ya shiga ciki ya fito da wani abu a naɗe cikin tsumma mai maiƙo.

Ƙarfen tsakiyar bindiga ne, inda sakata take shiga ta tura harsashi, da kunama a ƙasansa. A gidan su Ɗalhatu uwa suke ce wa wannan ɓangaren, don komai a jikinta yake rataye. Wannan uwar ƙirar Jamus ce, ta mahaifin Abu Jabir, ta girmi dattijon kansa. Bututunta ya cinye, katakonta ya ruɓe an yar tun tuni. Burin dattijon shi ne ta tashi ta koma bindigar ɓauna, mai babban baki, ya je da ita farauta Afirka kafin ƙarfinsa ya ƙare. Yana da takardun izininta. Ya aika uwar Turai wurin masu sana'ar, suka buɗe cikinta, suka ɗaura mata sabon bututu mai kauri, suka dawo da ita. Ƙota ce ya ce ba ya so a yi masa a can. Yana so a sassaƙa ta a gabansa, yana zuwa yana gani, a auna ta da jikinsa.

Haka aikin ya faɗo hannun Ɗalhatu, a ƙarshen 2005. Bai daina tuƙi ba. Da safe ya kai yara makaranta, ya kai matan gida kasuwa, in ya sami sarari ya wuce izba.

Ni ranar Juma'a nake hutu, don haka can nake samunsa. An ba shi wani ɗaki kusa da garken raƙuma, da tebur da abin matse katako. An kawo masa guntun itace daga Turkiyya, mai duhu, mai zane a jiki kamar hayaƙi. Sai da ya yi makonni bai sa masa ƙarfe ba. Ya ɗaga shi, ya ƙwanƙwasa, ya sa kunne, ya shafa masa ruwa ya ga inda jijiyar itacen ta bi.

Na ce, "Maƙeri, aurensa za ka yi ne?"

Ya ce, "Kai da ko barkono ba ka iya dakawa, Kofur, me ka sani? Ban san halinsa ba. Da maɗaci ne ko ƙirya da tuni na gama gaisawa da shi."

Yadda yake zaunar da ƙarfen cikin katako shi ne abin da ban taɓa gajiya da kallo ba. Sai ya kunna kyandir ya riƙa wuce uwar a kan harshen wutar har ta yi baƙi da hayaƙi. Ya sa ta a ramin da ya fafe, ya danna a hankali, ya cire. Duk inda baƙi ya taɓa katako, nan ne ƙarfen yake tokarewa. Ya ɗauki ƙaramin kurfi ya kankare wurin, abin da zai fita bai kai ƙaiƙayi ba. Ya sake shafa hayaƙi, ya sake dannawa. Wuni guda yana wannan, in ka duba sai ka rantse ƙarfen bai nutse ba ko kaɗan. Ya ce in ya bar rata a bayan uwar, ranar da aka harba ƙarfen zai ja da baya ya daki katakon kamar an sa gatari.

Ya taɓa nuna min hoton harsashin a wata mujalla da dattijon ya kawo. Tsawonsa ya fi yatsana na tsakiya, kaurinsa ya kusa babban yatsa. Na ce wannan ai ba na dabba ba ne, na mota ne. Bai yi dariya ba. Ya ce bai taɓa yi wa abu mai ƙarfin wannan ƙota ba, kuma wuyan ƙotar, inda hannu yake kamawa, shi ne yake hana shi sukuni. Ya huda katakon ya ratsa ƙusoshi biyu na ƙarfe a bayan uwar don su riƙe ta. Ya cire, ya sake. Akwai lokacin da ya kusa gamawa ya ga wani ɗan layi a wuyan, ya yi mako yana kallonsa da tocila, daga baya ya yarda zanen itacen ne kawai.

Tsayina ɗaya da Abu Jabir, don haka ni ne abin gwajinsa in dattijon ba ya nan. Sakatar tana kulle a gidan dattijon, harsashi kuwa babu ko ɗaya, amma duk da haka gabana faɗuwa yake in ya miƙo min ita.

"Rufe ido. Ɗaga ta kafaɗa. Buɗe. Me ka gani?"

"Raƙumi."

"Ba raƙumi na tambaye ka ba. Idonka ya hau kan saiti ko sai da ka sunkuyar da kai?"

"Ni ban san saiti ba, Maƙeri. Usur aka ba ni a wurin aiki."

"Allah ya sawwaƙe wa benen da kake gadi."

Sai ya karɓe ta, ya ɗan rage inda kumatu yake kwanciya, ya sake miƙo min. Ya ce tumbi ne kawai ba ni da shi, da sai ya ce ni da dattijon uwa ɗaya ta haife mu.

A wannan ɗakin ya ba ni labarin ƙa'idar gidansu. Duk wanda ya haɗa bindiga, shi zai fara harba ta, kuma a kafaɗarsa. Wasu maƙeran sukan ɗaure sabuwar bindiga a jikin bishiya su ja kunama da igiya daga nesa. A gidansu ba a yin haka. Kakansa ya ce in za ta fashe, ta fashe a fuskar wanda ya yi ta. Wani baffansa ya taɓa miƙa wa maharbi bindiga ranar kasuwa bai gwada ba, don mutumin yana sauri, ta tashi da hannun maharbin. Baffan bai ƙara zama a maƙera ba har ya mutu. Mahaifin Ɗalhatu kuwa yatsunsa biyu na hagu babu, wata bindiga ce ta cire su a harbin farko, kuma in yana ba da labarin har ɗaga hannun yake a gani.

Na ji labarin kamar yadda ake jin labarin gida a baƙon wuri. Ban ɗauka zai shafe mu ba.

Shekarunsa huɗu bai je gida ba. Karo na farko shi ya ɗaga tafiyar da kansa don ginin ɗakin da yake yi wa Ikilima bai kai ba. Karo na biyu gasar wasannin Asiya ta zo, gidan ya cika da baƙi, aka hana direbobi motsi. A 2007 Abu Jabir da bakinsa ya ce masa wannan karon babu fashi. Iyalin gidan za su tafi hutun zafi a Agusta, shi kuma zai tafi Tanzaniya da bindigarsa, Ɗalhatu ya tafi Ningi ya yi wata biyu. Aka yanki tikiti. Ikilima ta sa aka yi wa ɗakin fenti. Fausatu ta koyi cewa "Baba yana zuwa a jirgi", tana faɗa masa a waya, shi kuma ya sa min a kunne in ji.

Ƙotar ta kammala a Yuli. Ya shafe ta da mai da tafin hannunsa, shafa bayan shafa, har ta koma kamar an jiƙa ta da zuma. Ya zana ƙananan layuka a wuyanta da inda hannun hagu yake riƙewa don kada gumi ya sa ta zame. Ranar da aka haɗa komai dattijon ya ɗaga ta ya rufe ido ya buɗe, sai ga hawaye. Ya ce kamar hannun mahaifinsa ya kama. Ya ce, "Khalas," wato an gama, ya rungume Ɗalhatu.

Ɗalhatu ya ce ba a gama ba. Saura harbi.

Dattijon ya yi masa bayani, kuma ni a ganina bayanin ya yi ma'ana. Masu bututun sun riga sun gwada ƙarfen a can Turai da harsashi mai ƙarfin da ya fi na farauta, ga hatiminsu a jiki. Irin wannan harsashin kuma ba shi da shi a Doha, sai a sansanin farautar za a tanadar masa. Ɗalhatu ya ce ƙarfe suka gwada, ba katakonsa ba. Dattijon ya ce to shi zai gwada, bindigarsa ce, kafaɗarsa ce. Ɗalhatu ya ce abin da ba zai yiwu ba ke nan.

Da ya zo ya faɗa min, muna zaune a wani shagon shayi a Al Muntazah, na ɗauka wasa yake.

"Ka roƙe shi ya tafi da kai? Ina tikitinka?"

"Za a ɗaga."

"A ɗaga zuwa yaushe?"

"In mun dawo lokacin farauta da shaho ya kama, ka san ba a sakin direba. Sai baɗi."

"Maƙeri, yarinyar nan shekararta huɗu."

"Na sani. Ni na haife ta."

"To don harbi ɗaya? Ka ce min ba ka yarda da aikinka ba."

"Na yarda da shi."

"In ka yarda da shi, tafi gida."

"Baffana ma ya yarda da nasa."

Na ce masa wannan ba bindigar toka ba ce, nan kuma ba Ningi ba ne, babu wanda zai san ya harba ko bai harba ba. Ya ce dattijon ya haura saba'in, in wuyan ƙotar ya karye ƙarfen a idonsa zai tsaya. Na ce in a naka idon ya tsaya fa, wa zai riƙe Ikilima? Ya shiga shafa gefen teburin. Can ya ce teburin nan ba a goge shi da kyau ba.

Na yi ta juya maganar a raina. Wani lokaci in ga kamar tsoron Allah ne, ba ya son alhakin tsoho. Wani lokaci in ga taurin kai ne irin na maƙera. Har na taɓa zargin ko gidan ne yake jin nauyin komawa, mutum ya shekara huɗu, 'yarsa ba ta san ƙamshinsa ba. Amma na ga akwatin tsarabar da ya haɗa, da 'yan takalma masu fitila a dunduniya da ya zagaye kasuwa yana nema. Wanda ba ya son zuwa gida ba ya yin haka. Wataƙila kuma shekara huɗu yana buɗe wa mutane ƙofar mota, sai ga abu ɗaya da ya mayar da shi ɗan gidansu, ya kasa sakinsa a rabi. Ban sani ba. Duk wanda na ɗauka a cikin waɗannan, sai in tuna wani abu da ya rushe shi.

Abu Jabir ya ƙi da farko. Ya ce ya riga ya yi masa alkawarin zuwa gida, matarsa tana jira. Ɗalhatu ya yi ta binsa har ya gaji ya sa aka yi masa takardu a matsayin mai hidima, shi da Masahudu kuku.

Sauran labarin daga bakin Masahudu na ji, bayan sun dawo. Ya ce kafin su tashi an raba wa kowa ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi. Larabawan suka sha, shi ma ya sha. Ɗalhatu ya mayar da nasa. Ya ce shi da sauro tare suka girma, wannan maganin baƙi ne. Ni ma da ina wurin abin da zan faɗa ke nan, yawancinmu haka muke gani. Sai daga baya wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, Felicia, ta gaya min cewa in mutum ya daɗe a ƙasar da babu cutar, jikinsa yakan manta yadda ake faɗa da ita.

A mako na biyu ya fara rawar sanyi. Ya ɓoye, yana shan maganin ciwon kai yana fita da su daji. Ranar da ya kasa tashi ya riga ya fara surutai. Aka kira ƙaramin jirgi ya kai shi asibiti a Arusha, ya kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. A can aka yi masa sutura, a maƙabartar Musulmi, Abu Jabir yana sahun gaba.

Na tambayi Masahudu abin da ya fi damuna. "Ya harba?"

Ya ce washegarin isarsu an fita da bindigogi bayan sansani don a daidaita saiti. Shi yana tantin girki. Ya ji ƙara iri-iri, a ciki akwai wata mai nauyi da ta sa tukwane suka amsa, amma bai ga wanda ya riƙe ta ba. Ya ce Baturen da ke jagorantar farautar ya faɗa tun ranar farko cewa masu hidima ba sa taɓa bindiga a sansaninsa. Ya kuma ce ya hango Ɗalhatu da dattijon sun tsaya da Baturen suna magana mai tsawo.

"Da ya dawo fa? Fuskarsa?"

"Ya ci abinci sosai."

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce gishiri ya yi yawa."

"Ba ka tambaye shi ba?"

"Ɗan'uwa, ni ban san akwai abin tambaya ba. Kai ka sani, ni albasa nake yanka."

Masahudu yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Na ce ko ya ga tabo a kafaɗarsa ta dama, don Ɗalhatu ya taɓa gaya min irin wannan bindigar sai ta bar shaida. Ya ce kamar akwai duhu a wurin. Sai kuma ya ce ai kullum shi ke saɓo jarkar ruwa a wannan kafaɗar, kuma shi bai tsaya kallo ba, kuka yake yi.

Na je gaisuwa wurin Abu Jabir a majalisinsa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce Ɗalhatu ɗansa ne, ya ce da ya sani da ya ɗaure shi ya sa a jirgin Kano. Na daure na tambaye shi wa ya fara harba bindigar. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce bindigar lafiyarta ƙalau, ko tsagi babu, ya kayar da ɓauna da ita. Na sake buɗe baki sai wasu baƙi suka shigo, aka tashi ana gaisawa, aka miƙo min gahawa. Ban sake samun shiga wurinsa ba. Bayan shekara biyu shi ma ya rasu.

Ya kyauta wa iyalin, wannan zan faɗa. Akwatin tsarabar ma ya sa an kai har Ningi. Amma da na kira Ikilima in yi mata ta'aziyya, ba ta yi min maganar komai ba sai abu ɗaya.

"Malam Ghali, kai ne amininsa. Me ya je yi a can?"

Na ce aiki ne. Ta ce ai an ba shi hutu. Na fara yi mata bayanin ƙota da harbin farko, ina jin kaina ina magana kamar mai kare wanda ake tuhuma. Ta ce ta san ƙa'idar, a gidan take aure, kullum tana ganin hannun surukinta. Sannan ta ce, "To ya harba ɗin?" Na ce mata ina jin ya harba. Ta ce, "Kana ji." A nan katin wayar ya ƙare.

Ganina da shi na ƙarshe ana jibi za su tashi ne. Ya biyo ta Al Muntazah da rana tsaka, an aike shi karɓo kaya, ya tsaya a bakin benenmu bai kashe mota ba. Na fito na leƙa ta taga. Ya rame kaɗan, amma fuskarsa a sake take, har ya yi aski. Ya ce in ara masa rigar sanyina, an ce da asuba dajin akwai sanyi. Na shiga ɗakin gadi na ɗauko masa. Ya gwada a zaune, hannun ya yi masa tsawo, ya naɗe.

Na ce, "Ka faɗa mata?"

"Na ce mata an ɗaga. Ban ce don me ba."

"Za ta kira ni, ka sani. Duk sanda ba ta same ka ba ni take kira."

"To ka ɗauka."

"In ce mata me?"

Wata mota ta tsaya a bayansa tana danna ham. Ya duba madubi, ya ɗaga wa mai ita hannu, ya sa giya.

"Ka ce mata ina bakin aiki."

"Maƙeri, ƙarya kake so in yi wa matarka?"

"Wace ƙarya? Matsa daga jikin motar, Kofur, za ka ɓata wa mutane gilashi."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce, "Amin. Ka ci abinci."